Mota Biyu a Hanyar Gombe

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da hakan yake nufi. Hajiya, wato mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba tun ranar da aka raɗa mini shi. In tana nemana sai ta ce, "Ku kira wancan." In na je gaishe ta da safe a bakin ƙofa nake tsugunawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango ko tana jan carbi. Kakata ce ta yaye ni, ita ta riƙe ni har na yi wayo. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, ga shi kuma Hajiya Bafulatana ce daga wani ƙauye a bayan Gombe, tata kunyar ta ninka ta matan unguwarmu. Na san duk wannan tun ina yaro. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba in na leƙa na tarar da Autanmu, ƙato da gemunsa, ya miƙe a kan tabarmarta yana cin tuwo a kwanonta, tana yi masa faɗa tana dariya.

Abu ɗaya nake da shi da Auta ba shi da shi, shi ne tsohuwar a-kori-kurata. Ina sayar da kwanon rufi da katako a Ƙofar Ruwa, da ita nake kai wa mutane kaya. Fara ce a takarda, a ido kuwa kowa da kalar da yake ba ta. Ƙofa biyu gare ta, kujera ɗaya doguwa kamar bencin makaranta, salansarta kuma tun daga bakin titi take sanar da mutanen gida cewa na dawo. Allurar mai ta mutu tun a hannun wanda ya sayar mini, saboda haka da sanda nake auna tanki, wata siririyar sandar darbejiya da na yi wa tsaga huɗu da wuƙa. Ku yi dariya in kun ga dama. Sandar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Bayan rasuwar Baba, Hajiya ta ɗauki al'adar zuwa ganin ƙaninta, Kawu, sati ɗaya bayan ƙaramar Sallah. Ba ta tafiya hannu biyu. Buhun shinkafa, kwalin sabulu, gishiri, atamfofi, tsofaffin kayan jikoki, in za ta dawo kuma masara da man shanu, wata shekarar har da tunkiya. Motar haya ba za ta ɗauki wannan ba sai da rigima, don haka 'yan'uwa suka ce ni zan riƙa kai ta. Motata kuwa ba ta da gidan baya. Ko tana so ko ba ta so, dole ta zauna a gaba kusa da ni. Sai ta samo dabara, ta riƙa ajiye kwandon guzuri a tsakaninmu, ta juya fuska wajen taga.

Daga gidanmu a Ƙofar Mazugal har mu fita gari ba mai cewa uffan. Muna haye gadar Wudil, gari ya gama wayewa, sai ta gyara mayafi ta ce, "Direba, rage gudu, ba koro mu aka yi ba." Daga nan bakinta ya buɗe. Ai ba da ɗanta take magana ba, da direba take yi, kuma babu wanda ya hana tsohuwa hira da direba. Ta nuna mini inda kasuwar shanu take a da, ta gaya mini halin kowace gwaggo tawa, wadda take da rowa da wadda take da baki. Tana yi tana ɓare gyaɗa, ta murje, ta hure, ta tara a saman dashbod ta ɓangarena. Ba ta cewa ga shi, ni ma ba na cewa na gode. Sai dai in miƙa hannu in ɗiba.

Wata shekara muna kusa da Dukku ta ce da gilashin gaba, "Akwai wani yaro da aka haifa cikin damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka ɗauke shi aka kai ɗakin kakarsa. Uwar ba ta da bakin tambaya, sai ta riƙa kasa kunne ta jikin bango. In ta ji kukansa ta san yana nan, sai ta iya cin abinci."

Na ce, "Ya rayu kuwa, Hajiya?"

Ta ce, "Ya rayu. Yana can ya zama mai taurin kai."

Awa bakwai zuwa, awa bakwai dawowa. A cikin shekara guda awa goma sha huɗun nan ne kaɗai nake da uwa irin ta kowa, kuma haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, motar tana shan mai, amma na san cikinta fiye da yadda na san nawa. Tanki a cike da jarka biyu a baya su ne kuɗin shiga ƙauyen Kawu. Kafin tafiya nakan tsaya a wajen mai faci ya daidaita mini iskar tayoyi huɗu, in sa a wanke kafireto, in ƙi taka totur sai da dalili. Duk gangaren da ke hanyar nan na haddace shi, ina zuwa sai in sa ta a firi ta sulala da kanta. Zafi kuwa akwai shi, don injin yana huro wuta ta ƙarƙashin ƙafa, in ta faɗa rami kuma har haƙoranka sai sun gaisa. Hajiya ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Iyakarta ta ninka sallaya ta sa a bayanta.

Ana haka Auta ya samu buɗi a aikinsa na haƙa rijiyar burtsatse, ya sayo tasa a-kori-kurar. Kai, ni dai ban so a kira ta da suna ɗaya da tawa ba, don wannan cin fuska ne ga ɗayansu. Ƙofa huɗu, gidan gaba da gidan baya, baƙin gilashi, tsayi sai ka taka matakala. Ranar da ya kawo ta ba ta iya shiga lungunmu ba, a bakin titi ya ajiye ta, kuma wannan kaɗai ne abin da ya yi mini daɗi a ranar. Unguwa ta fito kallo. Ina tsaye a gefe na harɗe hannu sai ga Hajiya da sandarta, matar da gwiwa ta hana zuwa gidan suna a maƙota, ta tako tun daga cikin gida har titi. Ta shafa murfin gaba, ta leƙa ciki, ta danna kujera da tafin hannu.

Ta ce, "Auta, wannan ai ɗaki ne. Allah ya tsare, Allah ya sa ta alheri ce."

Shekara goma sha ɗaya tana hawa tawa, ko sau ɗaya ba ta ce mata Allah ya tsare a gaban mutane ba. Na san ba za ta iya ba, na san dalili. Amma wallahi a lokacin ji na yi kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Na ƙarasa na yi wa Auta murna da baki, na buga taya da ƙafa kamar mai saye, sannan na jefa masa tambayar da na san nan ne raunin manyan motoci.

"Wannan ai rijiya ce ka saya. Yaya shan manta?"

Ya ce, "Yaya, gas take sha, kuma ba ta da ci. Tanki ɗaya zai kai ni Gombe har in kamo hanyar dawowa, da esi a kunne yana huro sanyi."

Na ce, "Haka masu sayarwa suke faɗa."

Washegari na bar rumfa na shiga layin makanikai a Ƙofar Ruwa, wai ina neman wani kusa. Ba kusa nake nema ba, aibin motar Auta nake nema. Duk wanda na tambaya sai ya ce ai irin wannan ba ta da matsala, ga ƙarfi ga sauƙin mai, in kana ciki ba ka sanin an shiga gargada. Mutum na biyar ne ya ce, "Sai dai kayan gyaranta da tsada." Na riƙo wannan kalma na kawo ta gida kamar tsaraba. Na gaya wa maiɗakina, na sake gaya mata bayan cin abinci. Ta dube ni ta ce, "Malam, motar ƙaninka ce fa." Na ce ai shi ya sa nake tausaya masa.

Ranar Sallah muna cike a tsakar gidan Hajiya, ni a bakin ƙofa kamar kullum, Auta ya ce, "Bana dai ni zan kai Hajiya wajen Kawu. Zafin nan ya yi yawa, ga gwiwarta, gara ta miƙe ƙafa a baya ta sha sanyi." Ƙannena mata suka ɗauka gaba ɗaya, ai gaskiya ne, ai dama abin yana damunsu, ai Yaya ma ya huta. Ni na huta. Wa ya ce musu na gaji? Aka juya ana kallon Hajiya. Ta ci gaba da jan carbinta ta ce, "Duk wanda Allah ya nufa."

Me kuke so ta ce? Uwa ba ta buɗe baki a gaban 'ya'ya da surukai ta ce ɗan fari take so. Ni ma da girmana da furfurata ba zan ce ina son zama kusa da uwata ba, dariya za a yi, a yi ta ba da labari har jikoki. Sai na bi ta wata hanya. Na ce to kayan fa? Wa zai ɗora tunkiya a bayan sabuwar mota ta yi masa kashi? Na ce zan bi su da kaya. Auta ya ce, "Ka ga shi ke nan, Yaya, mota biyu." Ya yi murna har zuciyarsa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Muka tashi bayan sallar asuba. Na ga Auta ya riƙe mata hannu ta taka matakala, ya sa mata filo, ya rufe ƙofa a hankali, ƙofar ta yi wani ɗan sauti mai taushi irin wanda tawa ba ta taɓa yi ba ko tana sabuwa. Kwandon guzuri ya bi ta can. A wurin zamanta na ɗora kwalin sabulu.

Awa bakwai ina kallon bayan motar nan. Da muka haye gadar Wudil na ce a raina, yanzu ta gyara mayafi, yanzu ta fara. Shi ba sai ta kira shi direba ba ma, sunansa za ta kira kai tsaye. Na riƙa ƙirga masa labaran da nake ganin nawa ne, kasuwar shanu, gwaggo mai rowa, ina jin yana dariyar nan tasa mai ƙarfi, gyaɗata tana tafiya bakinsa. Rana ta ɗaga, wuta ta fara hurowa ta ƙasa, rigata ta manne da kujera. In na faɗa rami in ji ƙashin bayana ya amsa, in ɗaga ido in ga tasa ta haye ramin kamar kwale-kwale. Akwai wata bishiya a Birnin Kudu da muke tsayawa kullum, Hajiya ta aike ni in sayo ƙosai mai zafi. Suka wuce ta ko birki bai taɓa ba. Ni ma na wuce, da yunwata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafiyar da yake yi. Motar da za ta iya ɓace mini cikin minti biyar, sai ga ta tana rarrafe a gabana. In na rage ya rage. In babbar mota ta shiga tsakaninmu sai ya sauka gefe har in bayyana. Na ce wato tausayina yake ji, yana jiran tsoho da tsohuwar motarsa. Na gwammace ya tafi ya bar ni.

A Darazo sandata ta nuna tsaga ɗaya ta rage, na tsaya in juye jarka. Shi ma ya tsaya. Ina tsugune da mazurari, fetur yana zuba mini a yatsu, ya zo da gorar ruwa mai sanyi ya miƙo mini. Na lura bayan rigarsa ya jiƙe da gumi, amma ban tsaya tunanin dalili ba, hankalina yana kan abin da zai faɗa. Ya kuwa faɗa.

"Yaya, zo ka ga wani abu. Allurata ko rabi ba ta kai ba."

Na ce ina da aiki. Ya nace, na je na leƙa. Gaskiya ya faɗa, tana nan a sama da rabi, har da wasu lambobi masu haske da suke gaya masa sauran tafiyar da man zai yi. Hajiya tana baya, gilashinta a sauke, tana kallon wani mai rake a tsallaken titi. Na ce, "Sannu da hanya, Hajiya." Ta ce da mai raken, "Yawwa." Na koma na ƙarasa juye jarkata, ruwan sanyin kuma na ajiye shi a kan kwalin sabulu har ya yi zafi ban sha ba.

Kwana uku muka yi a ƙauye, kwana ukun nan ban ji daɗin ko ɗaya ba. A da in na iso, mutane sukan taru su sauke kaya suna sa wa motata albarka. Bana ko kallonta ba a yi ba. Kawu da kansa ya sa Auta ya zaga da shi har bakin kasuwa, ya dawo yana cewa bai san an yi tafiya ba sai da ya ga rumfuna. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Babba, kai ma sai ka yi ƙoƙari ka canja, ka ga ƙaninka ya hutar da 'yar'uwata." Na yi dariyar da ta tsaya a haƙori. Na ce tawa ko a daji ta lalace da waya da filaya zan tashe ta. Ba wanda ya tambaye ni wannan.

Ranar komawa na riga kowa tashi. Na ɗaure tunkiya a baya, na jera buhunan masara, sannan na ɗauko robar man shanu da jarkar nono, waɗanda ba a so rana ta taɓa, na ɗora su a kujerar gaba na ɗaure da igiya. Da gayya na yi, don kowa ya ga kujerar tana da amfani ko babu mai zama. Gidan Kawu duk aka fito rakiya, maza da mata. Auta ya buɗe ƙofar bayan motarsa yana jira.

Hajiya ta fito da sandarta. Maimakon ta nufi wajen Auta sai ta ratso ta gefen tawa, ta tsaya daidai ƙofar da take shiga, ta ɗora hannu a kan tagar. Ba ta kalle ni ba. Matar Kawu ta kalla ta ce, "Sanyin motar can ya kama mini gwiwa. Tun da muka zo ban ji daidai ba."

Na ga Auta ya buɗe baki ya rufe. Kawu ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Ni kuwa abin da na ji a raina shi ne, yawwa, ashe ɗakin yana da aibi. Kwana uku ina dafa baƙin ciki, ga shi an miƙo mini cokali. Na ce, da muryar ladabi har da ɗan rusunawa, "Ai sai a rage mata. Auta, ka rage wa Hajiya esi. Wannan tawa ba ta manya ba ce, ga zafi ga girgiza. Ga shi ma na cika kujerar da kaya."

Ta ɗan jima a tsaye, hannunta yana kan tagar. Sannan ta ce, "To." Ta juya ta tafi, Auta ya riƙe ta ta hau.

Na ji daɗin maganar nan tawa har wajen Dukku. A nan na faɗa wani rami, wani ƙullin leda ya zamo daga lungun dashbod ya faɗo mini a cinya. Gyaɗa ce, ɓararriya, an murje an hure. Na san hannun da ya ɓare ta, amma nan da nan na samo wa kaina amsa. Na ce ladan ɗaukar kaya ne, ko ɗan dako ma ana ba shi. Na cinye ta tas, ina ci ina jin haushi.

Bayan kamar sati uku Auta ya zo rumfata sayen kwano. Muna jiran a ɗaure masa, bakina ya ƙi yin shiru. Na ce, "To mai mota, a tanki nawa aka je aka dawo? A faɗi gaskiya dai."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai wannan tafiyar ba ta gwaji ba ce. Esi a kashe muka je, a kashe muka dawo. Na sha zafi kamar gurasa."

Na ce, "A kashe kamar yaya?"

"Tun daga gadar Wudil ta ce in kashe in sauke gilashi. Wai in an rufe ba ta jin ƙarar motarka. In salansarka ta yi nisa sai ta ce in rage gudu. Hira kuwa ko ɗaya ban samu ba, iyakarta ta ce, yana nan? In ce yana nan. Ko guzurin ba ta taɓa ba sai da ka tsaya a Darazo ta gan ka."

Na ce, "Amma ta ce sanyi ya kama mata gwiwa."

Ya daina dariya. Ya dube ni yadda ƙani ba ya duban wansa, ya ce, "Yaya, wane sanyi? Ni na ɗauka ka gane ka ƙi ne. Kowa a wurin ya gane, har matar Kawu."

Na zauna a kan tarin katako. Mace mai shekara saba'in da wani abu, Bafulatana, ta tako a gaban ƙaninta da surukanta ta yi ƙarya don ta zauna kusa da ɗan farinta. Iyakar abin da kunya za ta bar ta ta yi ke nan, ta kuma yi shi. Ni kuwa na tsaya ina kishi da kujera mai laushi da allurar mai, na mayar da ita da ladabi. Har yau in na tuna rusunawar nan da na yi sai in ji kamar in mari kaina.

Haƙuri ba ya bayuwa a irin wannan. In na je na ce Hajiya ki yafe mini, na tona abin da ta rufe, na ƙara mata wata kunyar. Sai na koma kan mota. Na kai ta wajen mai ɗinkin kujera ya sa sabon soso, na canja sifirin na baya, na sa aka toshe inda zafi yake shigowa ta ƙasa. Salansa ce kaɗai na hana a taɓa. Makanikin ya ce, "Alhaji, ita ce fa ta fi buƙatar gyara." Na ce ya bar ta yadda take. Na zauna ina jiran Sallah ta zagayo.

Ba ta zagayo mana ba. Kafin azumi gwiwar ta tashi da gaske, likita ya ce babu sauran doguwar tafiya, ko a wace irin mota. Yanzu Kawu ne yake zuwa. Abin da ya rage shi ne asibiti sau ɗaya a wata, kuma a nan ne Allah ya dube ni, don Hajiya ba ta iya takawa har titi, motar Auta kuma ba ta shiga lungu. Tawa har bakin zaure take zuwa. Ba wanda ya yi gardama, dalili ne da kowa zai iya faɗa a gaban kowa. Auta yana nan yana miƙewa a tabarmarta, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe in na gani sai na ji wani abu.

Daga gidanmu zuwa asibitin minti goma ne in babu cunkoso. Watan farko na bi hanyar kai tsaye, kwando a tsakaninmu, kafin ta gama gyara zama mun iso. Wata na biyu na cika tanki, a wannan tsadar man da ko zuwa Juma'a sai na yi tunani kafin in tayar da mota. Na fita ta Ƙofar Ruwa, na zaga ta Kabuga, na shigo ta Gwale, ina tafiya a giya ta biyu, masu babur mai ƙafa uku suna yi mini hon suna zagina. Hajiya ta san birnin nan tun kafin a haife ni. Tana kallon taga har muka yi nisa, sannan ta gyara mayafi.

"Direba, an canja wa asibitin wuri ne?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Hanyar can ce ta lalace."

Na ji motsin leda a cikin kwando, na ji ƙarar ɓawon gyaɗa.

Ta ce, "To. Allah ya sa kada su yi saurin gyara ta."